Rantsuwar Maccido Mai Fage

Wanda bai san fuskar Maccido Mai Fage ba a Illela, to ya san muryarsa. Murya ce da ba ta buƙatar lasifika, amma duk da haka yana da lasifikar, wata tsohuwa mai batir da aka ɗaure wa baki da roba, kuma ba ya zuwa ko'ina sai da ita. Gajere ne mai faɗin ƙirji, yana ɗan jan ƙafar hagu in yana tafiya. Ranar kasuwa za ka same shi a rumfarsa yana sayar da igiya da buhunan zuba albasa, da damina kuma yana gona. Duk waɗannan na rufin asiri ne kawai. Sana'ar da ya ɗauka tasa ita ce shirya kokawa.

A Garu, wani ƙauye kusa da Illela, aka haife shi, ɗan manomi jikan manomi. Da ƙuruciya ya taɓa kokawar shi ma, kuma in za a faɗi gaskiya, ba wani gwani ba ne. Tsofaffin Garu suna cewa daga nan har tsallaken Konni babu fagen da bai ɗanɗana ƙasarsa ba. Abin da Allah ya hore masa shi ne baki. Ko an kayar da shi, kafin ya gama kakkaɓe jiki ya shirya wa wanda ya kayar da shi kirari, 'yan kallo su yi ta dariya har su manta wanda ya faɗi. Ranar da wani ƙato ya murɗe masa gwiwa, ya yi wata da watanni a hannun mai ɗori, sai ya gane cewa ƙafa ta yi murabus amma baki na nan daram. Tun daga lokacin ya koma gefen fage.

Babu wani asiri a yadda yake aikinsa. Da an kai gero rumbu, sai ya hau babur ya bi masu gari, a tsai da ranar da kokawa za ta sauka a kowane ƙauye. Manoma su haɗa dammunan gero. 'Yan kasuwar Illela su ba da abin kyauta, wannan shadda, wancan rediyo, mai hali ya ba da rago, shi kuwa Maccido ya biya su da lasifika, ya yi ta kiran sunan shagon mutum har mai shagon ya fara jin kunya. Masu rake da masu tsire su miƙa ɗan abin da ya samu. Ba a karɓar kuɗin ƙofa, tunda fagen ba shi da ƙofa. Ɗan kokawa kuwa, zuwansa ba ya ba shi komai sai tuwo da kuɗin mota. In ya yi kaye, 'yan kallo su liƙa masa, ya ɗauki kyauta. In ya sha ƙasa, a ce masa sannu. Zagayen yakan fara daga Araba, ya bi ƙauyuka, ya zo ya rufe a Garu, inda zakaran shekara ke jan rago zuwa gida.

A cikin duk waɗanda suka ratsa ta hannunsa, babu kamar Sahabi. A wurin lodin albasa ya tsince shi yana dako, ya ga yadda yake saɓa buhu yana hira kamar ba shi ya ɗauka ba, ya ce asara ce a bar wa albasa wannan ƙarfi. Shi ya koya masa shiga ƙafa, shi ya sa makaɗi ya yi masa take, shi ya shirya masa kirari. Jamilatu, matar Maccido, ta ware wa Sahabi kwanonsa daban, wanda ya fi na maigidan girma, abin da Maccido ya daɗe yana ƙorafi a kai ba a kula shi ba. 'Ya'yansu duk mata ne, kuma kowa ya san ɗa ya ɗauki Sahabi. Yana sonsa ƙwarai, sai dai shi hanyar nuna sonsa faɗa ce.

Ana nan sai Alhaji Ma'aruf ya shigo harkar. Ɗan canji ne da ke zaune bakin iyaka yana juya naira da sefa, mutum mai fara'a, wanda ba ya rabo da sabuwar dabara. Ya lura jama'a sun koma kallon kokawa a waya, har 'yan ci-rani da ke Legas, kuma ya san inda ido ya taru masu talla na nan tafe. Sai ya sayi fili a bakin hanyar Sakkwato, ya kewaye da kwanon rufi, ya zuba kujerun roba, ya sa ƙofa da tikiti, ya ɗauko masu ɗaukar hoto. Sa'an nan ya aika wa manyan 'yan kokawa da saƙon da ba su taɓa jin irinsa ba: albashi duk wata, ka kayar ko a kayar da kai, ga kuma sabon babur tun ranar shiga.

To wa zai ga laifinsu? Mutumin da aka saba sallamarsa da sannu, yau an ce ko ya faɗi tukunyarsa za ta hau wuta. Suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya. Maccido bai damu ba, don a ransa muddin Sahabi na nan, sauran duk ganye ne.

Wata ranar kasuwa da hantsi, sai ga Sahabi a rumfa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta murza wata igiya da ba saye zai yi ba.

"Baba, Alhaji ya kira ni," in ji shi.

"Na jiya," in ji Maccido. "Kai mi kac ce mashi?"

"Na ce sai na gaya maka. Amma Baba, ina son zuwa. Aure nika nema, ga tsohuwa ba lahiya. Kuma ranar da Alhaji ba ya wasa, ai sai in taho hilinka, ba a hana mu ba."

"Wato ni aka ba sauran tuwo."

"Ba haka na ba, Baba. Jiki ba dutse na ba. Dubi ƙahwarka, wa ab biya ka ita?"

Allah ya sani Sahabi bai faɗa don cin fuska ba, hujja ce yake kawowa. Amma maganar ta sauka daidai wurin da ke ciwo. Maccido ya miƙe, ya jawo lasifika, ya kunna, ga kasuwa ta cika maƙil. Da a ce ya haɗa su duka ya yi rantsuwa ɗaya, da abin ya zo da sauƙi. To mutum ne da ya shekara da shekaru yana kiran 'yan kokawa ɗai-ɗai, kowa da kirarinsa, bakinsa bai iya jimla ba. Sai ya bi su da suna. Wallahi wane ba ya ƙara taka fagena! Wallahi wane ba ya ƙara taka fagena! Sai da ya ƙare manyan kaf, ya rufe da Sahabi. Wasu 'yan kasuwa daga nesa har da tafi, sun zaci shelar wasa ake yi. Sahabi ya tashi ya tafi kansa a sunkuye.

Kakar wannan shekarar ta zo wa kowa a karkace. A ɓangaren Maccido, mai shadda ya ce sai baɗi, mai rediyo ya daina ɗaukar waya, mai rago ne kaɗai ya tsaya, shi ma don surukinsa ne. 'Yan kallo suka ragu, domin mutane suna suke zuwa gani. Waɗanda suka rage a fage sababbi ne, maƙera da masu haƙar rijiya da 'yan noman rani, ba take ba kirari, sai Maccido ya dubi mutum nan take ya ƙirƙira masa wani abu. Amma fa kokawa suke yi ta haƙiƙa, kowa na neman a san da shi.

A ɓangaren Alhaji kuwa, da farko har sai an rufe ƙofa saboda cika. Daga baya aka gano inda gizo ke saƙa. Mutanen 'yan kaɗan ne, su ne dai kullum, masauki ɗaya, kwano ɗaya, kuma albashi na tafe ko an yi kaye ko ba a yi ba. Wa zai karya wuyan abokin cin tuwonsa a banza? Sai su rungumi juna su yi ta zagaye kamar masu gaisuwar sallah, har alƙali ya gaji ya ce canjaras. Kumatu suka fito, tumbi ya biyo baya. Masu sayen tikiti suka fara zama gida, masu kallo a waya suka koma kallon wani abu.

Alhaji Ma'aruf ba ya jayayya da kasuwa. Ana saura 'yan makonni a rufe zagaye, sai ya taka da kansa har rumfar igiya, ya zauna bisa tarin buhuna da babbar rigarsa.

"Maccido, ni da kai mun yi wauta," in ji shi yana dariya. "Ni na kwashe manya ban da kokawa, kai kana da kokawa ba ka da manya."

Ya shimfiɗa shawararsa. Zai saki mutanensa su riƙa bin zagayen ƙauyuka, a fara da ranar rufewa a Garu. Zai kawo masu ɗaukar hoto, ya ƙara kyauta, kuma duk wanda ya yi fice a ƙauye yana da gurbi a filinsa. Maccido na ji zuciyarsa na tsalle, domin abin da ya gani a ransa ɗaya ne: Sahabi yana shigowa fagen Garu ana kaɗa masa take. Amma sai ya kau da kai.

"Na rantse, Alhaji," in ji shi. "Gaban kasuwa, da lasihika."

Kuma rantsuwar Maccido ba abin wasa ba ce. Ya taɓa rantsewa ba zai ƙara shiga motar wani direba ba, ya shekara da shekaru yana zuwa Sakkwato a kan babur, har direban ya sayar da motar ya koma kiwon kaji. Da wannan yake taƙama a gari. Alhaji ya ce to ya yi tunani, ya kakkaɓe rigarsa ya tafi.

Daga ranar Maccido ya zama abin tausayi a gida. A kawo tuwo ya taɓa ya ture, a gaishe shi ya amsa da faɗa. Jamilatu ta zuba masa ido har ta gaji, ran nan da rana ta ajiye masa kwano ta ja kujera ta zauna.

"Baban Sadiya, tuwon ga bai yi maka laihi ba," in ji ta. "In ɗanka kaka kewa, ka hwaɗi. Ba kai kaf fara rantsuwa ba duniya. Tashi ka tahi wurin Malam Uzair."

Malam Uzair shi ke karantar da manya a zaurensa a unguwar, dattijo siriri mai son raha. Ba ya zuwa kallon kokawa, amma ko ta yaya aka yi, kullum ya san wanda ya kayar. Maccido ya same shi bayan azahar, ya zayyana masa komai, yana yi yana kewaye-kewaye. Malam ya ce abin ba wuya: wanda ya rantse, sa'an nan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya aikata alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma.

Fuskar Maccido ta washe. "Goma ɗai, Allah gafarta Malam? Ai ko yau!"

"Dakata tukuna," in ji Malam. "Ni ma ina kasuwa ran nan, na je sayen takalmi. Rantsuwa guda kay yi?"

Malam bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Da kunnena nij ji, kowane suna da wallahinai. To kowane wallahi da miskinai goma."

Maccido ya fara tuno sunayen da ya kira, yatsun hannunsa suka ƙare sunaye ba su ƙare ba. "In na yi azumi hwa, Malam?"

"Azumi na wanda bai da hali na," in ji Malam yana murmushi. "Kai ko daga zauren ga nika hango rumbunka."

A hanyar gida Maccido ya yi dabarar da ya ga ta fi kowace: zai warware ta Sahabi kaɗai, sauran kowa tasa ta fisshe shi. Washegari aka ciyar da mutum goma, ya hau babur ya nufi masaukin 'yan kokawar Alhaji. Ya tarar da Sahabi a gindin bishiya yana wanke babur, ya yi ƙiba har wuya ya ɓace. Da ganinsa Sahabi ya yar da soso ya zube ƙasa, ya shiga ba da haƙuri a kan maganar ƙafa. Maccido ya ji hawaye na neman kunyata shi, sai ya ɗaure fuska.

"Tashi, ba wannan tak kawo ni ba. Na warware taka. Ka taho Garu."

Sahabi ya yi tsalle kamar an yi masa bushara da Makka. Can sai ya tsaya. "Su sauran hwa, Baba?"

"Sauran ɗiyana na?"

"Baba, tare munka tahi, tare anka rantse muna. In na taho ni ɗai, da wane ido za ni dubin su? In ba su zuwa, ka yi mani haƙuri."

Maccido ya zazzaga masa faɗa son ransa, ya kira shi butulu, ya kira shi mai wuyan bijimi, ya tayar da babur ya tafi. Amma tun kafin ya kai gida haushin ya sace, wani daɗi ya maye gurbinsa, don ya san a gidansa yaron ya koyi wannan hali. Nan ya yanke shawarar warware rantsuwar kowa da kowa. Da Alhaji ya ji labari, ya aiko cewa zai ɗauki nauyin hatsin duka. Maccido ya mayar da ɗan aiken, ya ce bakin da ya rantse a gidansa yake cin tuwo, saboda haka gidansa ne zai ciyar.

Aka fasa rumbu. Aka aro manyan tukwane na biki daga maƙwabta, matan unguwa suka taru, injin niƙa ya wuni yana aikin gidan Maccido. Labari kuwa ya zaga gari cewa ana neman miskinai, sai ga Illela duk ta talauce rana ɗaya. Jamilatu ta tsaya bakin zaure da muciya a hannu tana tacewa. Wani mai baburan haya biyu a kan hanya ya zo, ta kore shi. Wani ɗan canji ya zo yana cewa sefa ta hau, ya shiga uku, ta ce ya je sefa ta ciyar da shi. Ta shigar da tsofaffi da makafi da matafiyan da guzuri ya yanke wa a bakin iyaka. Waɗanda kuma ta san suna da buƙata amma kunya ba za ta bar su su zo ba, ta aika musu da kwano a rufe har gida. Maccido na zaune kan turmi yana kallon geronsa na fita, duk tiren da ya wuce sai ya ambaci ɗan kokawar da ya ja masa shi, ya yi tsaki. Da aka gama, rumbu ya koma rabi, shi kuwa ya nemi a zubo masa nasa ya cinye tas har da neman ƙari.

Ranar rufewa, Garu ba masaka tsinke. Tun kafin la'asar babura suke kwararowa daga Illela da tsallaken iyaka, masu ɗaukar hoton Alhaji sun hau kan wata akori-kura, mai shadda da mai rediyo sun dawo ba kunya sun zauna a gaba. Manya suka shigo a jere, Maccido na kiransu da lasifika, kowa da kirarinsa. Da ya zo kan Sahabi murya ta ɗan sarƙe masa, sai ya ɗora wa batir laifi.

Aka yi ta gwabzawa, manya da sababbi, har aka zo karon ƙarshe na rago. Sahabi ne da Mukhtari, wani mai haƙar rijiya daga Araba, siriri kamar tabarya, wanda a wannan kakar ya fito kuma ba wanda ya kai bayansa ƙasa. Makaɗi ya saki taken Sahabi, ya zagaya fage yana taku, mata na guɗa daga nesa. Suka sunkuya, suka kama. Maccido ya ja numfashi zai fara kirari, kafin ya sauke shi Mukhtari ya nutse ƙasa, ya ɗauke ƙafar Sahabi, sai ji aka yi tim! Watannin tuwon albashi suka sauka a ƙasar Garu gaba ɗaya.

Fage ya yi tsit, sa'an nan ya ɓarke da ihu. A al'ada mai fage ne ke shiga ya ɗaga hannun wanda ya yi kaye, ya zagaya da shi. Maccido ya ajiye lasifika, ya shiga yana jan ƙafa. Mukhtari ya miƙo hannu yana haki. Maccido ya wuce shi kamar bai gan shi ba, ya sunkuya ya tayar da Sahabi, ya kakkaɓe masa baya da hularsa.

"Rabin rumbu," in ji shi. "Rabin rumbu niz zazzage don ka zo ka yi mani wanga!"

"Na yi nauyi, Baba," in ji Sahabi, yana tofar da yashi yana dariya.

Sai Maccido ya kama hannun Sahabi ya ɗaga sama, ya fara zagaya fage da shi. Jama'a suka kwashe da dariya, masu hoto suka ruɗe, Alhaji Ma'aruf ya riƙe ciki. Mukhtari ya biyo su a guje.

"Baba, ni hwa nik kayar!"

"Na sani, ɗana," in ji Maccido, hawaye na bin gemunsa bai ko share ba. "Ragonka na can ɗaure, ba mai taɓa shi. Bar ni in kai wanga ƙarshen hili tukuna."